Sitiroberin Jos a cikin kofi: abin shan da nake haɗa wa baƙin hantsi

Da zarar sanyi ya kankama a Jos, wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, sai ki ga sitiroberi ya fara fitowa a 'yan robobi, a Terminus, a Farin Gada, a bakin titin da ya nufi Bukuru. Mutanen Abuja da Legas har kuɗi suke turowa a saya musu a saka a mota, mu kuma da muke zaune a kansa yawancinmu iyakarmu mu wanke mu barbaɗa suga mu ci, ko a yanka a jera a saman kek ɗin biki. Ni wallahi abin yana damuna, don ba ko'ina ne a ƙasar nan Allah ya ba wannan arzikin ba. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, shi ya sa darenmu yake da irin sanyin da shukar take so, kuma in kin taɓa zuwa wajen Vom kika shiga ƙauyen Chaha da rani za ki ga gonakin da idonki, manoma a duƙe suna tsinka tun da sassafe kafin rana ta buɗe. Toh yau abin da nake haɗawa da shi zan gaya muku. Abin sha ne mai gas, ja jawur, ɗanɗanonsa na kek ɗin sitiroberi da kirim, kuma na fi yin sa Asabar ko Lahadi in ina da baƙin hantsi, irin zaman nan da ake haɗe karin kumallo da abincin rana wajen sha ɗaya zuwa azahar, wanda 'yan gayu ke ce wa brunch.

Ba ni na ƙirƙiro shi ba fa, asalinsa daga Italiya ne. A birnin Venis akwai wani tsohon wurin shaƙatawa mai suna Harry's Bar da aka buɗe a 1931, mai wurin Giuseppe Cipriani shi ya fara markaɗa farin peach, wani ɗan itace mai laushi da ƙwallo a tsakiya, yana zuba masa wani ruwan inabi mai gas da ake ce wa Prosecco, a tsakanin 1934 da 1948, ya sa masa suna Bellini, sunan wani mai zane ɗan garin na ƙarni na 15, Giovanni Bellini. In aka sauya peach da sitiroberi sai sunan ya koma Rossini. Ita kuma Mimosa da kuke yawan gani a hotunan otal-otal, rabi ruwan lemon zaƙi ne rabi shamfen, giyar inabi mai gas ta Faransa. Ma'aunin Bellini da ƙungiyar masu haɗa abin sha ta duniya, IBA, ta rubuta shi ne mililita 50 na markaɗaɗɗen ɗan itace da mililita 100 na Prosecco, wato kashi ɗaya a kan kashi biyu, wannan ma'aunin yana da kyau kuma da shi nake aiki. Sai dai Prosecco giya ce, ruwan inabi ne da aka tsima ya zama barasa wajen kashi 11 cikin ɗari, ana yin ta a arewa maso gabashin Italiya da wani inabi mai suna Glera. Ni ba na sha, mutanen gidana ba sa sha, don haka da kwalbar da duk muka sani a wajen biki nake yi, ruwan inabi mai gas marar giya, irin su Eva da Chamdor da Pure Heaven da Veleta.

A nan ne fa maganar take, kuma saboda ita na zauna rubutun nan. Mata da yawa sukan ɗauko haɗin Turawa a intanet su bi shi ɗaya bayan ɗaya, abin da kawai suke sauyawa shi ne kwalbar, sai abu ya fito da zaƙin da kurɓa uku za ki yi ya ginshe ki, baƙi su ajiye kofi rabi a kan tebur suna ta godiya don kara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shi ruwan inabin da aka tsima, yis ya cinye yawancin sugan cikinsa ya mayar da shi barasa, shi ya sa kwalbar da aka rubuta wa brut suganta bai wuce giram 12 a lita guda ba, wadda ma suke ɗauka mai zaƙi, demi-sec, tsakanin giram 32 ne zuwa 50. Tamu kwalbar kuwa ba abin da ya taɓa suganta. Ruwan inabi zalla yakan ɗauki wajen giram 15 a kowane mililita 100, kin ga 150 kenan a lita, ya ninka na brut fiye da sau goma. Ƙaramin cokalin shayi na suga giram 4 ne, ki lissafa da kanki, a ɗan abin da za ki zuba wa mutum ɗaya akwai cokali uku zuwa huɗu tun ba ki ƙara komai ba. Ki juya kwalbarki ki karanta bayanta, kowane kamfani da nasa, amma da wuya ki samu wadda ba ta da zaƙi sosai. Toh Bature da ya ce a zuba siraf ko a dafa sitiroberi da kofi guda na suga, da kwalbarsa marar zaƙi yake magana. Mu namu aikin akasin nasa ne, tsami za mu nema, mu rage suga iya ragewa. In kika riƙe wannan kaɗai kin gama rabin aiki.

Tunda muna maganar bayan kwalba bari in faɗi wani abu da nake ganin yana da muhimmanci. Kwalaben da ake ce wa marasa giya iri biyu ne. Akwai ruwan inabin da ba a taɓa tsima shi ba, gas kawai aka ɗura masa. Akwai kuma wanda giya ce aka yi ta cikakkiya sannan aka zare barasar da na'ura, irin wannan a dokar Tarayyar Turai an yarda ya rage da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, za ki fi ganinsa a manyan shagunan Abuja. Ni na farkon nake saye, hankalina ya fi kwanciya da shi, hukuncin na biyun kuma na malamai ne ba nawa ba. Kuma don Allah a dinga dubawa da kyau, kwalaben nan duk kama suke da juna, murfi ɗaya, takardar zinare ɗaya, a kanta ɗaya ake jera mai giya da marar giya a shaguna da dama. Ki nemi inda aka rubuta adadin barasa, ki duba lambar NAFDAC da ranar da wa'adinta zai ƙare. Sannan farin inabi za ki ɗauka ba ja ba. Jan yana danne kalar sitiroberi abin ya koma duhu-duhu, kuma ɗanɗanonsa yana taushe komai. In ba ki samu farin ba, na tuffa mai gas ma yana yi, har ma ya fi ɗan tsami.

Sai sayen sitiroberin. Shi wannan ɗan itacen ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba irin ayaba ko mangwaro ba ne da za ki ajiye su nuna a ɗaki. Wanda aka cire da farin kai haka zai zauna da tsaminsa har ya ruɓe. Don haka ki nemi wanda ya yi ja har wajen ganyen kansa, ganyen kore shar bai yanƙwane ba, sannan ki kai robar hancinki, in ba ki ji ƙamshi ba ki wuce gaba. Kada girma ya ruɗe ki, ƙananan sau da yawa sun fi manyan ɗanɗano, kuma tunda markaɗawa za a yi ba ruwanmu da kyan siffa, ki bar manyan ga masu kek. Ki ɗaga robar ki leƙa ƙasanta, in kin ga jan ruwa ya kwanta toh na ƙasan sun luguiguice. Ni nakan ce wa mai sayarwar, Mama don Allah juye min in gani, kuma ban taɓa samun wadda ta ƙi ba in dai da ladabi aka roƙa. Kuma 'yan uwa a rage tayin wulaƙanci, abu ne da ake ba ruwa kullum a tsinka ɗaya-ɗaya da hannu a cikin sanyin asuba, kwana biyu zuwa uku ya lalace, manomin bai da inda zai adana shi. Mutanen Abuja ku kuma in za a aiko muku, a tsinka da safe a saka a motar farko, hanyar nan ta Riyom, Hawan Kibo, Akwanga zuwa Keffi zafi take ƙarawa tana gangarawa, kada a sa shi a but kusa da buhun dankali.

Kada ki wanke sai lokacin da za ki yi aiki da shi, danshi ne yake jawo masa fumfuna. In kin tashi, ki zuba ruwa a roba ki sa ɗan gishiri ko ɗan binega, ki jiƙa shi minti biyar, ki ɗauraye da ruwa mai tsabta sau biyu don a ƙasa yake kwanciya, akwai yashi a jikinsa. Ganyen kan kuma sai bayan wanki ake cire shi, in kika cire tun farko ruwa zai shige cikinsa ya yi lami. Ki baza a kan tsumma mai tsabta ya tsane.

Na kwalba ɗaya, mai mililita 750, rabin kilo ya isa, zai ba ki kofi bakwai. Ki ware guda huɗu masu kyau na ado, sauran ki yayyanka gida huɗu-huɗu a kwanon gilashi ko na silba, ki barbaɗa suga babban cokali ɗaya tak, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ki matse lemon tsami guda biyu, ki juya ki rufe ki bar shi minti talatin zuwa awa ɗaya. Wannan sugan ba don zaƙi na sa shi ba, aikinsa shi ne ya janyo ruwan da ke cikin sitiroberin ya fito waje. In kin buɗe za ki ga yankakkun sun yi laushi suna ƙyalli, wani jan ruwa mai kauri ya taru a ƙasan kwanon, ƙamshin ya cika kicin har yara su fara leƙowa. Wannan matakin kada ki tsallake shi, bambancin wanda aka jiƙa da wanda aka jefa a bilenda kai tsaye a bakin kowa yake fitowa. Gishirin kuma ba za a ji shi ba, fito da ɗanɗano kawai yake yi.

Daga nan ki juye duka a bilenda, ba ruwa ko ɗigo, ki sa rabin ƙaramin cokali na filebon banila. Banilar nan ita ce take sa mutum ya tuna kek, amma in ta yi yawa ɗaci take yi. Ki markaɗa kaɗan, daƙiƙa ashirin sun isa, in kika daɗe 'ya'yan za su farfashe su ba ki bauri. In ba wuta ki dama da bayan ludayi a cikin rariya, yana yi sarai tunda ya riga ya yi laushi. Ki tace da rariya mai laushi kina dannawa da cokali har sai 'ya'yan da ɗan tuƙa kaɗai sun rage. Sai wani abu da na ƙara nawa na gida: zoɓo. Ki jiƙa ɗan zoɓo kaɗan a ruwan zafi rabin kofi ya yi kauri sosai, ba suga ba citta ba kanumfari, in ya huce ki zuba babban cokali biyu a cikin markaɗen. Abu biyu yake yi, yana ƙara tsami mai daɗi wanda ba kaifi irin na lemon tsami, kuma yana riƙe jan kalar, don sitiroberi shi kaɗai in ya haɗu da farin inabi kalarsa takan koɗe ta koma ruwan hoda. Kada dai ya wuce cokali biyu, in ba haka ba zoɓo za a sha. Yanzu ki ɗanɗana. In kika ji ya yi miki tsami har kin ɗan runtse ido toh daidai kenan, kada hannunki ya tafi wajen gwangwanin suga, zaƙin yana nan zuwa daga kwalba. Wanda yake shan giya kuma zai yi da brut, shi ne zai mayar da sugan cokali uku ya rage lemon tsamin zuwa ɗaya.

Komai sai ya yi sanyi ƙarara, markaɗen, kwalbar, har kofunan. Ba don daɗin sha kaɗai ba, shi gas ya fi zama a cikin ruwa mai sanyi, in abu ya ɗumama guduwa yake yi. Kwalba tana son awa uku zuwa huɗu a firij, sanyin da ake nema wajen digiri 6 zuwa 8 ne. Na san halin wutarmu, don haka ga hanyar da ba ta cin amana: bokiti, ƙanƙara, ruwa, gishiri cikin hannu guda, ki nutsa kwalbar har wuya, minti ashirin ta yi. Gishirin yana sa ruwan ya fi ƙanƙara zalla sanyi, kuma ruwa yana taɓa ko'ina a jikin kwalbar. Kada ki jefa ta a firiza ki tafi wani aiki, in ta daskare tana iya fashewa. Kuma kada a ce ai Jos ne, watan Janairu ne, a bar ta a baranda ta kwana, zuwa sha ɗaya rana ta fito ta ɗumama. Ƙanƙara a cikin kofi kuwa ban yarda da ita ba sam, narkewa take yi ta salantar da abin. In kina son abin da zai riƙe sanyi ki daskarar da 'ya'yan inabi ko yankakken sitiroberi ki jefa biyu-biyu.

Buɗe kwalba ma a yi hankali. Ƙarfin iskar da ke cikin kwalbar shamfen ya kai ninki biyu zuwa uku na tayar mota, kuma likitocin ido a Amurka sun daɗe suna gargaɗi cewa murfin yana iya tashi da gudun kusan kilomita 80 a awa. Namu marasa giya ba su kai haka ƙarfi ba amma ido ba abin wasa ba ne, ni abin nan da ake yi a wajen biki na girgiza kwalba a saki murfi cikin mutane ba ya burge ni ko kaɗan, ga haɗari ga asarar gas. Ki kwance wayar babban yatsanki na kan murfin, ki ɗora tsumma, ki karkata bakin kwalbar wajen da ba kowa, ki riƙe murfin gam ki dinga murɗa ita kwalbar a hankali har ya fita da ɗan huci.

Zubawa: markaɗe babban cokali uku da ɗan ɗori a ƙasan kofi, mililita 50 kenan. Ki karkata kofin ki tsiyaya ruwan inabin ta jikin gilashin kaɗan kawai, ki tsaya. Za ki ga kumfa ta taso fuu kamar madara a kan wuta, don duk ɗan ɓurɓushin ɗan itace wuri ne da gas yake kamawa ya fito, shi ya sa na dage a kan tacewa. Ki ba ta daƙiƙa goma ta kwanta, ki juya sau ɗaya da dogon cokali daga ƙasa zuwa sama, sannan ki cika. Karkata kofin nan ba iyayi ba ne, masu bincike a Jami'ar Reims ta Faransa, a yankin da ake yin shamfen, sun auna a 2010 sun ga zubawa a karkace ta fi riƙe gas a kan zubawa ta tsakiya. In har yanzu kin ji zaƙin ya yi miki yawa, ki rage ruwan inabin ki cike kashi ɗaya cikin uku da soda wota mai sanyi, ni yawanci haka nake yi wa manya, kuma kwalba ɗaya sai ta kai kofi goma. Soda fa na ce ba tonik ba, tonik akwai suga a cikinsa ga ɗaci. Kuma kofi-kofi ake haɗawa, kada ki juye duka a jug ki ajiye kina jiran baƙi, kafin su gama gaisawa gas ya fice.

Yanzu ɓangaren kek ɗin, wanda shi yara da amare suka fi so. Ki samu biskit mai bota, irin shortbread ko digestive, guda huɗu, ki daka a leda ya yi gari amma ba lilis ba. Ki zuba zuma kaɗan a faranti, ki kifa bakin kofi a kai, rabin bakin kawai, ki dangwala a garin biskit. Rabin na ce don wanda ba ya so ya sha ta ɗaya gefen. Wannan tun kafin baƙi su zo ake yi a sa kofunan a firij ya kama. Sai kirim, kuma a nan ake yawan ɓata abu. Kada ki kuskura ki dama madara ko kirim a cikin markaɗen, sitiroberi da lemon tsami da inabi duk tsami gare su, madara kuwa in ta haɗu da tsami tsinkewa take yi ta yi gudaji-gudaji, ba mai son ganin haka a kofi. A sama ake ɗora shi. Ki buga kirim ɗinki ya yi kauri amma ba ƙam ba, ba suga ko kuma ɗan kaɗan, in kin cika kofi kin bar wajen yatsa biyu a sama sai ki ɗora cokali ɗaya a hankali ya zauna a kan kumfar. Mai sha zai fara cin karo da biskit, sai kirim mai laushi, sai tsamin nan mai gas ya biyo baya ya wanke bakin, wallahi in aka dace abin ba a magana. In ba kirim, ƙaramin cokali na askirim ɗin banila yana yi, amma shi yana tayar da kumfa sosai don haka kofin ya zama rabi kafin ki sa, kuma a sha nan take. Mutanen Venis ɗin nan ma suna da wani mai suna sgroppino da suke yi da daskararren ruwan lemon tsami, daga nan na ɗauki dabarar daskarar da rabin markaɗen a faranti in kankare shi da cokali mai yatsu in ɗora a sama maimakon kirim, ranar da ake zafi wannan ya fi. Ki tsaga sitiroberi ɗaya ki maƙala a baki, ganyen na'a-na'a ɗaya in kina da shi, shikenan. Ba sai kin sayi dogayen kofunan nan masu ƙafa ba, duk kofin gilashi siriri ya yi, mai faɗin baki ne kawai ba ya riƙe gas.

Abincin da za a ci da shi kuma ni ra'ayina mai gishiri da ɗan maiƙo. Masa mai zafi da miyar taushe, sinasir, ƙosai, alale, ko soyayyen dankalin turawanmu na Bokkos da ƙwai, tsamin da gas ɗin suna yanke maiƙon ki ji kina son ƙari. Abin da ban so shi ne a jera shi da kek da donot da cincin, zaƙi a kan zaƙi, shi kansa ai shi ne kayan zaƙin teburin. Yaji ma a sassauta, gas yana ƙara masa zafi a harshe.

Mu a Jos zamanmu a cakuɗe yake, lokacin sitiroberi kuma ya zo daidai da Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan aure, ana shiga gidajen juna ana cin abincin juna. Wata maƙwabciyata da muke zumunci sosai, in tana da taro tana yin iri biyu, nata da na wasu baƙinta da Prosecco, namu da marar giya, kuma abin da yake burge ni da ita tire daban take yi, kofuna ma siffarsu daban, sannan da bakinta take cewa Maman Ummi ga naku nan, wancan kada ku taɓa. Haka ya kamata duk mai yin iri biyu ya yi, don a ido ba a bambance su, kala ɗaya kumfa ɗaya, ga yara suna zagayawa, ga masu juna biyu, ga wanda zai tuƙa mota ya koma Rayfield ko Bukuru. Masu ciwon suga kuma a gaya musu gaskiya, marar giya ba yana nufin marar suga ba ne. Hajiyarmu nakan yi mata nata da markaɗen da soda wota zalla, ba inabi ba zuma, kuma tana shanyewa tas. Shi sitiroberin kansa suganshi kaɗan ne, ga bitamin C da ya ɗan ɗara na lemon zaƙi in aka auna nauyi ɗaya.

Zuwa Afrilu ruwa ya fara sauka sitiroberi sai ya ja baya ya yi tsada, don haka a Fabrairu da yake araha nake saye da yawa, in wanke in tsane in cire ganye in jera a tire ya daskare ɗaya-ɗaya sannan in ɗure a leda, ko in markaɗa in zuba a abin ƙanƙara, ƙwaya uku kofi ɗaya. Wannan sai mai tsayayyiyar wuta ko sola, in ya narke ya sake daskarewa ya tashi aiki. In babu, a bi abin da kasuwa ta kawo. Mangwaro yana shigowa daidai lokacin da sitiroberi ke tafiya, shi ya fi komai kusa da Bellini na asali, sai dai a nemi marar zare kuma a ƙara masa lemon tsami saboda ya fi sitiroberi zaƙi, a cire zoɓon. Abarba tana da daɗi da ɗan ruwan citta amma kumfarta ta fi ta kowa, a tace sau biyu. Kankana ban ba da shawara ba, ruwa ne ya yi mata yawa.

In kwalba ta rage, cokalin nan da ake cewa a zura a bakinta ba ya hana gas fita, ki toshe ta da murfi mai kamawa ki tsayar da ita a firij a shanye zuwa gobe. Markaɗen yana kwana biyu a firij a rufe. Tuƙar da ta rage a rariya ma ba na zubarwa, nakan juya ta a cikin kindirmo da ɗan zuma in ba yara da yamma.